Makiyayin Sauro

A duk danginmu mutum ɗaya ne ya yi karatu har karatun ya gaji ya sallame shi, shi ne ɗan Gwaggo na fari. Sauranmu kuwa makaranta ta gan mu, mun gan ta, muka gaisa, kowa ya kama gabansa. Shi ya shiga da gashi cike da kai, bai fito ba sai da tsakiyar kan ta fara ɗaukar ido. Ranar da aka ce ya gama, Gwaggo ta bi unguwa gida-gida tana sanar da cewa ta haifi likita, sai ka ce da safen nan ta sauka. Tun daga ranar ba ta sake kiransa da wani suna ba sai Likita.

Shi kuwa bawan Allah ko allura bai iya yi ba. Ilimin halittu ya karanta. Kuma a cikin halittun Allah kaf, ga giwa, ga raƙumi, ga kaza ma da ko ba komai za a ci ƙwai, sai ya tsallake su duka ya zaɓi sauro. Aikinsa a cibiyar binciken da ta ɗauke shi shi ne kiwon sauro. Ba kisa ba, kiwo. Shi ya sa mu 'yan'uwa muke ce masa Makiyayi a bayan idon Gwaggo, shi ma ya karɓi sunan hannu bibbiyu. In ka tambaye shi iyali, sai ya ce na gida lafiya lau, na keji ne dai wasu suka tashi ba sa cin abinci.

Ɗakin aikinsa ɗumi da laima ne, kamar banɗakin da aka gama wanka da ruwan zafi. Kantoci ne jere da kejuna na raga, kowanne ya kai kwalin talabijin. A ƙasa ga tire-tire na ruwa, tsutsar sauro na ta wutsil-wutsil, yana barbaɗa musu niƙaƙƙen abincin kifi da bakin wuƙa kamar mai sa gishiri a miyar mara lafiya. Mazan sauro mutanen kirki ne, auduga jiƙe da ruwan sukari ta ishe su rayuwa. Matan ne ba sa yin ƙwai sai sun sha jini, kuma Makiyayi ya ce wannan magana ce da bai taɓa yin sharhi a kanta a gida ba. Akwai wata na'ura da ake ɗura wa jini a ba su, amma nasa sun raina ta. Don haka sai ya naɗe hannun riga, ya ɗora damtsensa a kan raga, ya lulluɓe kejin da baƙin ƙyalle don su ɗauka dare ne, ya buɗe jarida da ɗayan hannun. Yakan ce ya yi shekaru yana karatu don ya zama wani abu, ga shi kuwa ya zama abincin rana.

To amma garken nan ba na wasa ba ne. Sauron gari ya riga ya ƙangare, ka fesa masa magani ya yi atishawa ya ci gaba da harkarsa. Na Makiyayi kuwa tun kakannin kakanninsu ba su taɓa shaƙar magani ba, 'yan gata ne, ko warinsa suka ji sai su zube. Su ne ma'aunin cibiyar. Duk maganin da aka kawo, sai an gwada shi a kan nasa da na gari a gani, ta haka ake sanin ko maganin ne ya lalace ko sauron ne ya yi taurin kai. In garken nan ya mutu gwaje-gwajen sashen sun tsaya cak, samo wani sai daga wata uwa duniya bayan dogon jira, kuma kujerar Makiyayi a kan kejunan nan take zaune. Sun tafi, ya tafi.

Gwaggo ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ta dai san ɗanta yana aiki a kan sauro, kuma a wurinta aiki a kan sauro iri ɗaya ne. Ba a taɓa yin maƙiyin sauro irin Gwaggo ba. Tana iya tsayar da zance a tsakiya, ta bi guda ɗaya daga falo har bayan gida, ta dawo ta ɗora daga kalmar da ta tsaya. Gwangwanin feshi a jakarta yake kwana tare da carbi. Muna yi mata dariya, amma kowa a dangi ya san mafarin abin. Ƙanwar Makiyayi ce zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke tana 'yar tatata, shi yana firamare, yana zaune a bencin asibiti riƙe da takalmanta. Uwar ba ta sake ɗaga maganar ba, ta sayi gwangwani. Ɗan ma bai sake ɗagawa ba, ya karanta ilimin halittu. Kullum kuma cikin riga mai dogon hannu yake zuwa gaishe ta, ko da zafi na narka kwalta, ita kuma tana gaya wa maƙwabta ai haka manyan likitoci suke. Maƙwabtan su yi ta kawo masa ƙuraje da ciwon gwiwa, ya duba da natsuwa ya ce a je asibiti, su fita suna yaba sauƙin kansa.

Ana nan sai kyankyasai suka mamaye ofisoshin cibiyar, har suka fara leƙowa daga aljihun teburin manya. Aka yanke shawarar a yi wa ginin feshi gaba ɗaya, a bi da fenti. Wato cibiyar da ke kiwon ƙwari ta ɗauko mai kashe ƙwari. Farfesa, shugaban sashensu, ya tara su ya ce kowa ya san inda zai kai dabbobinsa har warin ya fita. Mai ɓeraye ya kai nasa garejin wansa. Mai katantanwa ta zuba nata a bahon wanki. Makiyayi ya jera kejuna da tire-tiren tsutsa a bayan mota, ya tuƙa a hankali har masu keke suna wuce shi suna waiwaye.

Matarsa, da muke kira Malama saboda koyarwa take yi, tana da tsohon ciki a lokacin. Ta ba shi ɗakin baƙi bisa sharaɗin ƙofar ta zauna a kulle, kuma kada ta ji ko kukan guda ɗaya. Ya sa ƙafafun tebur a cikin kwanonin ruwa saboda tururuwa, ya rataya jiƙaƙƙun tawul, ya toshe duk ramin da tsaka za ta bi. Da ya rasa mazubin da zai adana takardar da sauron ke zuba ƙwai a kai, sai ya ari ɗaya daga cikin robobin da Malama ke kai abinci makaranta, masu murfi iri ɗaya, bai gaya mata ba.

Bai gama sauke numfashi ba Gwaggo ta iso da jakarta, ta zo zaman jiran haihuwar jika. Ɗakin baƙin nan kuwa nan ne masaukinta tun da aka gina gidan. Makiyayi ya sosa ƙeya ya ce kayan aiki ne a ciki, ta yi haƙuri da ɗakin yara. Gwaggo ta ce ai aikin Likita ya fi ƙarfin gadonta.

Ya yi niyyar gaya mata gaskiya, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Ya zauna gabanta ya gyara murya, ya ce Inna akwai magana game da sauron nan. Kafin ya kai ƙarshe ta tare shi, ta ce kullum sai ta yi masa addu'a Allah ya ƙara wa hannunsa nauyi a kansu, ta tambaye shi ko a rana yakan kashe cikin buhu. Makiyayi ya dubi fuskarta ya ce ya danganta da yanayi. Malama ta harare shi daga ƙofar kicin. Ya ce mata zai faɗa bayan an ci abinci. Aka ci abinci, ya ce bari ya narke.

Ran da abin zai faru, an kira su taro a harabar cibiyar. Da safe ya ciro takardar ƙwai, ya sa a roba ya rufe, ya ajiye a kan teburin kicin da nufin tafiya da ita ya duba a madubin ƙara girman abu na wurin aiki, ya manta. Malama ta fita makaranta. Ya kulle ɗakin baƙi, ya ɗora makullin a saman ƙofa, inda uwarsa ta koya masa ɓoye makulli tun yana tsayawa a kan kujera kafin ya kai.

Gwaggo na shara ta ji wani siririn kuka ta ƙasan ƙofa. Kunnen da ke jin sauro ɗaya daga gidan maƙwabta, yau ga shi yana jin gari guda. Ta miƙa hannu sama ba tare da ta duba ba, makulli ya faɗo mata a tafi. Da ta buɗe ta ga kejuna, nan take ta fahimci komai: yaron nan ya kamo su ya tsare, aiki ya yi masa yawa bai samu sukunin gamawa da su ba. Tausayinsa ya kama ta. Ta rufe taga, ta ɗaure hanci da gefen mayafi, ta juye gwangwaninta kaf, ta ɗauko na ajiya ta ƙara. Tiren ruwan nan kuma, da ta ga abin da ke iyo a ciki, ta yi mamakin yadda mai ilimi zai bar ruwa ya kwanta a gidansa. Ta kwarara su a kan siminti mai zafi, ta wanke tire da sabulu, ta kife su a rana.

Da la'asar ya dawo ya tarar da ita a tsakar gida, ta yi wanka tana shan iska.

"Likita, na rage maka aiki," ta ce. "Ba sai ka gode ba."

Warin ya riga ya gaya masa. Ya shiga ɗakin. Ƙasan kowane keji ya yi baƙi kamar an zubar da ganyen shayi, ko ƙafa ɗaya ba ta motsi. Yana tsaye yana kallo, sai ga wani ƙaton sauron gari ya keto cikin hayaƙin maganin da kuzarinsa, ya sauka a wuyansa ya sha ya ƙoshi ya tashi. Daga baya Makiyayi ya ce wannan ne gwaji mafi kyau da aka taɓa yi a rayuwarsa ta aiki, an tabbatar maganin yana kashe sauro, amma wanda ya yi makaranta kawai.

A lokacin dai bai yi dariya ba. Ya fito ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, ya ɓalle maɓallin hannun riga, ya naɗe har kafaɗa. Gwaggo ta ga damtsen da rabonta da ganinsa tun yana saurayi, duk tabo ne a kan tabo.

"Inna, ba kashe su nake yi ba. Kiwonsu nake yi. Ni nake ba su abinci."

Ta dubi hannun, ta dube shi. "Da me?"

Ya nuna mata.

"Jinin da na yi maka da nonona," in ji Gwaggo a hankali, "shi kake rabawa sauro?"

Ya yi mata bayani iyakar iyawarsa, ba turanci ko ɗaya. Ya ce na gari sun daina jin magani, kuma ba a gane hakan sai da waɗannan da ta kashe. Ya ce in ba a gane ba, mutane za su yi ta fesa ruwan banza suna kwanciya da yaransu suna ganin sun tsira. Bai ambaci ƙanwarsa ba. Gwaggo ta tashi ta shige ɗakin yara ta turo ƙofa. Haƙuri dai ba ta bayar ba, danginmu ba mu gaji wannan ba.

Yana nan zaune yana tsara yadda zai gaya wa Farfesa, da kuma irin sana'ar da mai digiri uku a kan sauro zai iya kamawa, sai Malama ta shigo a fusace. Ta ce wane irin wulaƙanci ne wannan, ta buɗe robar abincinta a gaban malamai 'yan'uwanta, ga yunwar mai ciki, ta tarar da jiƙaƙƙiyar takarda da wani baƙin gari a kai. Ta ce saura kaɗan ta watsar, sai ta ga gara ta kawo masa ya gani da idonsa. Makiyayi ya karɓi robar da hannu biyu ya buɗe. Malama ta ce tun da suka yi aure bai taɓa kallonta yadda ya kalli takardar nan ba.

Aka koma farko. Ɗakin baƙi da tsofaffin kejuna sun sha magani, ba su da sauran amfani. Ya share ɗakin ajiya na bayan gida, ya sayo sababbin tire, ya sa tela ya ɗinka masa keji da yadin labule mai raga, don gidan sauron kasuwa ma da magani a jikinsa. Da Farfesa ya bugo waya yana tambayar garke, ya ce suna nan, sun dai ɗan rage hayaniya. Ƙwai suka ƙyanƙyashe. Gwaggo takan zo ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙe. Rannan ta ga yana murza abincin kifi da bayan cokali, ta ce wannan ai ko ɗan mutum aka ba wa sai ya shaƙe, balle 'ya'yan banzan nan. Ta karɓa ta niƙa shi lilis, ta miƙa masa tana kallon wani wajen.

Tsutsa ta girma, ta yi fiffike, keji ya fara kuka. Ba su da yawa, tafin hannu biyu zai rufe su. Saura abu ɗaya, matan su sha jini su yi ƙwai kafin tsufa ya cim musu, sauro kuwa ba ya daɗewa a duniya. A daidai nan Makiyayi ya tashi da rawar sanyi. Ya soki yatsansa ya gwada da ɗan abin gwajin da yake ajiyewa, zazzaɓin cizon sauro ne sarai, tsarabar ƙaton nan na gari ko wani ɗan'uwansa. Ya kwanta yana karkarwa yana dariya, ya ce likitan sauro ne sauro ya kwantar.

Matsalar ita ce mai zazzaɓi ba ya ciyar da garke. Cutar da ke jininsa za ta shiga cikinsu, su tashi daga ma'auni su koma abin tsoro, dole a ƙone su. Malama da cikinta ba a ma kawo ta a zance. Abokin aikinsa da ke karɓarsa ya tafi ƙauyuka kamun sauron gari. Sai ya bi dangi da waya ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai ba garken jini, yana bayani daga kan gado: a gwada jinin mutum tukuna, ya yi wanka ba sabulu mai ƙamshi, ba mai, ba turare, ya zauna shiru na ɗan lokaci. Ranar aka ga ikon Allah, dangi kaf suka kamu da ciwo. Wani ya ce jininsa ya hau, wani ya ce nasa ya sauka, wani ƙato da ke ɗaga buhun siminti da hannu ɗaya ya ce likita ya hana shi asarar jini. Mu da muke cika baki za mu iya mutuwa saboda ɗan Gwaggo, ashe ban da cizo.

Ya ajiye waya ya juya fuska bango. Ya yanke cewa da safe zai kira Farfesa ya faɗi gaskiya, a nemi wanda za a ba kujerar.

Da hantsi Gwaggo ta shigo ɗakinsa. Abin da ya fara lura da shi, ba ƙamshi. Matar da ake sanin ta taho tun tana kan kwana saboda turarenta, yau ta shigo kamar iska. Ta miƙa masa yatsa. Ya soka ya gwada, jini tsaf. Ta ce ai ba sai ya gwada ba, wane sauro ne ya isa.

Ya lallaɓa ya tashi, suka je ɗakin ajiya. Ta zauna a kan kujera, ta naɗe hannun riga, ta dubi kejin kamar mai kallon wanda ya ci mata amana.

"In suka rayu," ta ce, "yaran mutane za su daina tafiya yadda ƙanwarka ta tafi?"

"Ban sani ba, Inna. Amma in babu su, ko sanin ma ba za a yi ba."

Ta matso da kujerar jikin kejin. Sannan ta ɗora damtsenta a kan raga, ya lulluɓe da baƙin ƙyalle. Da ta farko ta sauka, ɗayan hannunta ya ɗaga da kansa zai kai mari, hannun da ya saba tun kafin a haifi rabin dangi. Ta kama shi ta danne a ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kai. Ta yi ta zaginsu ƙasa-ƙasa, su da iyayensu da kakanninsu, tana cewa su sha su ƙoshi marasa kunya, kada wanda ya je ya ce an yi masa rowa a gidan ɗanta. Da ya ce ya isa, ta leƙa ta ce ga wata can a lungu ba ta samu ba, ya bari tukuna.

Suka yi ƙwai, takarda ta yi baƙi ƙirin. Kafin warin fenti ya fita daga cibiyar garke ya cika keji biyu, Malama ta sauka lafiya, Makiyayi ya miƙe. Ranar da ya mayar da su, Farfesa ya sa tabarau ya duba ya ce zaman gida ya karɓe su, har sun fi da ƙiba. Makiyayi ya ce canjin abinci ne.

Yanzu duk sauron da ke cibiyar nan jinin Gwaggo ne, kuma mu dangi mun ƙara yawa ba tare da an yi shawara da mu ba. Har gobe Likita take ce masa, gwangwaninta ma yana nan a jaka. Sai dai in ya zo gaisuwa, da gajeren hannu yake zuwa, kuma bayan ta tambayi Malama da jariri takan ɗan kau da kai ta ce, su waɗancan fa, suna cin abinci? In kuwa ta tafa ta kashe guda a falo, sai ta buɗe tafin ta kai kusa da ido ta duba da kyau, sannan ta goge a gefen zane ta ce wannan ba namu ba ne.